Kar ka ajiye alƙalaminka tukuna

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya iyali, ya ƙoƙari? Saƙonka ya shigo tun shekaranjiya amma wallahi na kasa amsawa a take, don maganar da ka yi cewa ka daina rubutu ta tsaya min a rai. Wai saboda malamin bogin nan na cikin labarinka mai damfarar mata da sunan addu'a, an ɗauki hoton shafi ɗaya ana ta yawo da shi a waya ana cewa ka zagi malamai, har wani ya ce ka taɓa addini. Ni fa na karanta labarin sau biyu daga farko har ƙarshe, abin da na gani shi ne mutum mai kishin addininsa yana jin zafin masu fakewa da shi suna cutar bayin Allah.

Ka san ni ba na cikin masu cewa 'yanci shi ne kowa ya buɗe baki ya faɗi abin da ya ga dama. Wanda ya zauna da gangan ya ci mutuncin Annabi (SAW), ko abin da wasu ke girmamawa, don kawai ya ƙona musu rai, ni ban ga adabi a nan ba. Ko yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin jama'a da na siyasa, sashe na 19 ya ce 'yancin magana yana tafe da nauyi, na 20 kuma ya hana kiran ƙiyayyar addini mai tunzura mutane su far wa wasu. Amma zagin addini daban, tona asirin mai cin abinci da addini daban, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hukuncin wanda bai karanta ba.

Ka tuna marubuci Najib Mahfuz na Masar, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988? Jaridar Al-Ahram ta buga wani labarinsa kashi-kashi tun 1959, malamai suka yi ca, littafin bai fito a Masar ba sai a Beirut a 1967. Sai a watan Oktoba 1994, dattijo ɗan shekara 82 yana cikin mota a ƙofar gidansa a Alƙahira, wani matashi ya matso kamar zai gaishe shi ya soka masa wuƙa a wuya. Ya rayu, amma jijiyar hannunsa na dama ta taɓu, hannun da yake rubutu da shi. Kuma yaron ya amsa da bakinsa cewa bai karanta littafin ba, ji kawai ya yi.

Abin da mutanenmu ke mantawa kuma, manyan malaman da muke alfahari da su ma an hana su magana. Imamu Ahmad bin Hambal, lokacin fitinar da Halifa Ma'amun ya tayar a 833 kan cewa Alƙur'ani halitta ne, an ɗaure shi, a zamanin Mu'utasim aka yi masa bulala har ya suma, don ya ƙi maimaita abin da fada ke so. Masu bulalar nan su ma da sunan kare addini suka yi. To in bakin kowa a ɗinke yake, wa zai faɗi gaskiya ranar da mai mulki ne ya karkace?

Sai dai zan faɗa maka inda ban yarda da kai ba, don ba zan yi maka ƙarya ba. Wurin da matar nan ta cikin labarinka take kuka tana cewa duk malamai haka suke, ka bar maganar haka nan ba wanda ya tanka mata, alhali ni da kai mun zauna gaban malamai na Allah da ba su taɓa karɓar ko sisi a hannunmu ba. Jam'i ka yi, kuma hakkinsu na kanka. Gyara wannan don adalci ne ya ce ka gyara, ba don ihun da ake maka ba, amma malamin bogin ka bar shi yadda yake, kar ka rage masa ko kalma ɗaya.

Don Allah ka daina karanta zagin nan da dare, madam ta ce ba ka barci. Turo min babi na gaba ko da ba ka gama ba, ina so in ga ko matar ta faɗa wa mijinta. Ka gaida yara.

Naka har kullum.