Takardar koke zuwa ga shugaban Comunità Montana kan tsofaffin coci-coci da ƙauyukan Val Camonica

Zuwa ga mai girma shugaban Comunità Montana di Valle Camonica, hukumar haɗin gwiwar garuruwan kwarin Camonica a arewacin Italiya, a ofishinsa na Breno, da kuma sindakoni, wato magadan garuruwan kwarin nan, tun daga bakin tafkin Iseo har Ponte di Legno.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Mu masu wannan takarda Hausawa ne da masu jin Hausa da ke zaune a kwarin nan, akwai 'yan Gana na zangon Kumasi da Nima, akwai 'yan Nijar na Agadas da Tawa da Damagaram, akwai 'yan Najeriya, yawancinmu Musulmi ne amma akwai Kiristoci a cikinmu kuma tare da su muka zauna muka tsara maganar. Da Hausa muka fara rubutawa don kowa namu ya san abinda zai sa wa hannu, yaranmu da suka yi makaranta a nan su za su juya muku ita zuwa Italiyanci.

Wasunmu sun haura shekara 20 a nan, suna masana'antun ƙarfe da aikin gini, matanmu da dama suna aikin badante, wato kula da tsofaffi a gida, suna kwana da tsofaffinku. Wasu kuma yaƙin Libiya ne ya koro su a 2011, kun tuna lokacin da aka kai mutum sama da 100 Montecampione can mita 1800 a saman dutse, ba kasuwa ba gari, wasu da silifas a ƙafa, daga baya aka rarraba su kaɗan-kaɗan cikin garuruwa kuma mutanen ƙauyukan nan ne suka buɗe ƙofa suka karɓe su. Ba mu manta ba. To yanzu mun yi iyali, mun haifi yara da suke jin yaren kwarin nan fiye da yadda suke jin Hausa, shi ya sa abinda ya shafi ƙauyukan nan ya shafe mu ko an tambaye mu ko ba a tambaye mu ba.

Kokenmu a kan tsofaffin gine-ginenku ne, musamman coci-coci da tsakiyar ƙauyukan da ke kan tudu. Muna gani suna lalacewa saboda ba mutane, mu kuma mutane ne, muna nan a ƙasa a cunkushe, hannu biyu-biyu, ba wanda ya ce mana ku zo ku kama.

Ba sai mun gaya muku abinda kuke da shi ba amma bari mu faɗa don 'yan uwanmu da za su karanta, da yawa sun shekara goma suna wucewa ba su taɓa ɗaga kai ba. In ka hau jirgin ƙasan Brescia zuwa Edolo ka kawo Capo di Ponte, wancan ginin da ke kan dutse yana leƙen kogin Oglio shi ne San Siro na Cemmo, tun ƙarni na 11 zuwa na 12 yake tsaye, wajen shekara 900 kenan. Ƙetaren kogin akwai San Salvatore na sufayen Kiristan da suka bi tsarin Cluny ta Faransa, shi ma sa'ansa ne. A garin ne kuma zane-zanen kan duwatsu suke, waɗanda UNESCO ta sa a jerinta a 1979, wuri na farko a duk Italiya, kafin Roma kafin Venice, kuma furen nan da ke tambarin jihar Lombardiya daga kan waɗannan duwatsun aka ɗauko shi. A Pisogne akwai Santa Maria della Neve da mai zane Romanino ya zane bangonta da rufinta a shekarun 1530, ya kuma yi aiki a Sant'Antonio na Breno da Santa Maria Annunciata ta Bienno.

Cerveno kuwa sai wanda ya je. Ƙauye ne ɗan ƙarami a gindin dutsen Concarena, lunguna matsattsu, ka shiga wata ƙofa sai ga matakala doguwa tana hawa, hagu da dama ɗakuna ne, guda 14 gaba ɗaya, cike da mutum-mutumi 198 na katako da farar ƙasa, tsayinsu tsayin mutum. Beniamino Simoni ya fara aikin a 1752. Fuskokin ba na sarakuna ba ne, fuskokin manoma da 'yan ƙwadago ne, jijiyoyin wuya a miƙe, hannaye kaushi, wallahi wani in ka kalle shi sai ka ce jiya kuka tashi daga shif tare. Duk shekara 10 mutanen garin ke fitowa su yi Santa Crus, wasan kwaikwayon gicciye Yesu, na baya-bayan nan a 2024, kuma kusan kowane gida sai ya ba da hannu, wasu ɗinkin kaya wasu ƙawata lunguna. Irin waɗannan manyan wurare dai ana kula da su, mun gani, masu yawon buɗe ido na zuwa. Ba su ne damuwarmu ba.

Damuwarmu ƙananan ne, waɗanda ba sa cikin takardun talla. Akwai wani ɗan coci a wani ƙauye na sama, ba za mu faɗi suna ba don kar a ga kamar ƙarar wani muka kawo. Mukullinsa yana hannun wata tsohuwa da ta haura 80, wata 'yar uwarmu ce ke mata badante. Kullum da safe tsohuwar nan sai ta dogara sanda ta je ta buɗe ƙofa iska ta shiga, ta share, ta canza ruwan fure, da yamma ta rufe. Da ta faɗi ta karye a ƙugu aka kwantar da ita, mukullin ya zauna a cikin durowa, fada, wato limamin coci, ɗaya ne ke zagaya ƙauyuka da yawa, ba zai iya ba, ganye ya toshe indararo, ruwan sama ya dinga bin bango yana shiga ta ciki. Lokacin da aka sake buɗewa bangon da ke da tsohon zane ya yi fari-fari da gishirin danshi, fenti yana ɓarewa yana zubowa ƙasa, warin rima ya cika wurin. Aikin tsani ne da minti talatin da zai hana wannan. 'Yar uwar tamu ta ce ta so ta ce a ba mijinta mukullin amma ta ji nauyi, kar a ce baƙar fata Musulmi me yake nema a coci.

Haka abin yake a waje ma. Katangun dutse da kakanninku suka jera ba siminti don tare ƙasa a gangare suna zubewa, gonakin kastanya sun koma daji, tsofaffin hanyoyin alfadarai ƙaya ta cinye, rufin falalen dutse ɗaya ya zame sauran su biyo. Matasan ƙauyukan sun tafi Brescia da Milan, ba laifinsu ba ne, mu ma ai barin gida muka yi. Amma dutse in ba mai kula da shi ƙasa yake saukowa, kowa ya ga abinda guguwar Vaia ta yi wa dazuzzuka a 2018, kowa ya ga lakar da ta rufe Niardo da Braone a watan Yulin 2022 har layin dogo ya katse. Ranar ai ba wanda ya tambayi kowa permeso, takardar izinin zama, kafin a miƙa masa shebur, yaranmu sun shiga cikin masu kwasar laka kamar kowa.

Saboda haka babban roƙonmu a koya wa matasanmu wannan aikin da gaske, da satifiket, ba na kwana biyu a ɗauki hoto ba. Jera katangar dutse sana'a ce da UNESCO ta amince da ita a 2018 kuma masu iya ta a kwarin nan duk sun manyanta, in suka tafi sun tafi da ita. Haka gyaran rufin dutse da yaɓen farar ƙasa. Muna da magina a cikinmu da suka saba da dutse da ƙasa tun gida. Ba mu ce a ba mu zane mu taɓa ba, mun san wannan na ƙwararru ne kuma ko ƙusa ba a bugawa a irin ginin nan sai Soprintendenza, hukumar kula da kayan tarihi, ta yarda, mun san kuma yawancin coci-cocin na hannun diyosis ɗin Brescia ne ba naku ba. Amma ku ne kuke iya tara kowa a tebur ɗaya, komune, wato ƙaramar hukuma, da fada da makaranta da mu. Akwai kuma servizio civile, shirin hidimar ƙasa na sa-kai, doka ta ba baƙon da ke zaune da takardu ɗan shekara 18 zuwa 28 damar shiga, dan Allah a ware gurabe na buɗe waɗannan wurare da share su da raka baƙi, a sanar da mu a kan lokaci don sau da yawa sai an rufe muke ji.

Sai maganar gidaje, ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Ka shiga tsakiyar wasu ƙauyukan ka ƙirga tagogin da ke rufe shekara da shekaru, gidan gado ne magada sun watse. Mu kuma iyali shida a ɗaki biyu a ƙasan kwari, ka kira lambar haya ana jin muryarka a ce an riga an bayar. Ba mu ce a ba mu kyauta ba. Komune ta tattara sunayen masu gidan da suka yarda, ta tsaya a tsakani ta zama shaida, a yi yarjejeniya a rubuce, mai haya ya gyara abinda zai iya a rage masa a kuɗin wata. Gidan da ake hura wuta a ciki ba ya rima. Makarantun firamare na sama da ake haɗa aji biyu uku wuri ɗaya saboda ƙarancin yara, to ga yara. Abu ɗaya dai, sai an duba motar bas, don wanda ke shiga aiki ƙarfe shida na safe ba zai zauna inda ba mota ba, kuma ba kowa ke da lasin ba.

Yanzu bari mu juyo kan namu, don a zamanmu an yi musu sosai kuma gara ku ma ku sani. Wasu 'yan uwa sun ce ina ruwan biri da gada, Musulmi da gyaran coci, ga gumaka ga zanen annabawa. Mun ji, kuma ba mu raina maganarsu ba. Ba wanda aka ce ya je ya yi ibada, wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ciki ba ga katanga a waje ga hanya ga rufi. Cire ganye daga indararon maƙwabci haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma mutanen nan su suka karɓe mu lokacin da ba mu da komai. 'Yan Agadas da ke cikinmu su suka kashe musun, suka ce hasumiyar masallacinsu ta ƙasa ce, tun ƙarni na 16, abinda ya tsayar da ita har UNESCO ta sa garin a jerinta a 2013 shi ne ana sake mata yaɓe, ranar da aka daina ranar za ta fara narkewa, to sun san zafin mutum ya ga abin kakanninsa yana zubewa. Duk da haka akwai waɗanda suka ce ba za su sa hannu ba, ba mu tilasta kowa ba.

A nan ne muke roƙon makarantu su taimaka. In za a kai yara ziyara coci a rubuto wa iyaye a fili cewa darasin tarihi ne da zane, ba addu'a ba, da Italiyanci mai sauƙi. Yawancin iyayen da ke hana yara zuwa rashin bayani ne, takarda ta zo da dogon rubutu ba su gane ba sai su ce a'a don a zauna lafiya, yaro ya zauna a aji shi kaɗai. Mu a ganinmu yaron da aka haifa a asibitin Esine ya kamata ya san wane ne mai zane Pietro da Cemmo tunda zanensa na nan a Santa Maria Assunta a garin da aka yanke masa cibiya. Manya ma masu zuwa ajin koyon Italiyanci na yamma a haɗa musu fita sau ɗaya ko biyu a shekara, amma dan Allah kar a sa ranar Juma'a da rana.

Kuma in za a fara, a fara da Bienno. Mun kai wani dattijonmu can, ɗan gidan maƙera ne a Tawa, aka kunna masa tsohuwar maƙerar da ruwan magudanar Vaso Re ke juyawa, ruwa ya faɗo kan ƙafar katako, ƙatuwar guduma ta tashi ta dinga dukan jan ƙarfe ƙasa na girgiza har cikin ƙirji, maƙerin yana juya ƙarfen da awartaki a hankali har ya fara zama bokiti. Dattijon nan bai jin Italiyanci sosai, maƙerin ba Hausa, amma sun fi awa suna nuna wa juna yadda ake riƙe awartaki da yadda ake gane zafin ƙarfe daga launinsa. Irin wannan wurin ba ya buƙatar dogon bayani ga mutanenmu, kuma daga nan ba nisa zuwa cocin da Romanino ya yi zane. A Mostra Mercato, bajekolin masu sana'ar hannu na Bienno na watan Agusta, ma in da hali a ba masu sana'armu ɗan lungu, muna da madunka da masu aikin fata.

Muna roƙon a sa mana ranar zama kafin sanyi ya shigo, don aikin rufi da katanga ba ya yiwuwa in ƙanƙara ta sauka. In zai yiwu ranar Asabar da yamma saboda masu shif. Za mu turo wakilai, da mace a cikinsu tunda matanmu su suka fi kowa sanin halin da ƙauyukan sama ke ciki, su ke kwana a can. Za mu zo da sunayen magina da matasan da suka ce a shirye suke, da unguwar da kowa yake. Takardun sa hannu suna haɗe a baya.

Allah ya ja zamaninku, ya ba ku ikon sauke nauyin jama'a.

Mu ne naku,
Hausawa da masu jin Hausa mazauna Val Camonica