A duba mana shinkafar da yaranmu ke ci

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili.

A gidajenmu na Kano yaro tun daga yaye shinkafa ce, kunun gyaɗa da ita, rana garau-garau, dare tuwonta. To shinkafa ta fi gero da dawa zuƙar wani sinadari mai guba wai shi arsenik, saboda galibi a cikin ruwa kwance ake nomanta, kuma ba ya wari ba ya ɗaci, a hankali yake taruwar wa mutum da illa har ya kai ga ciwon daji, yaro kuwa jikinsa ƙarami ne ga ƙwaƙwalwa tana kan girma. Amurka tun 2020 ta sa ƙa'ida kan yawansa a garin shinkafar jarirai.

Ni dai roƙona hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta riƙa ɗiban samfurin shinkafa a kasuwannin Singa da Dawanau, 'yar gida da 'yar waje duka, ta gwada ta faɗa mana sakamako a rediyo.

Iyaye mata kuma a dafa ta da ruwa mai yawa a tsiyaye, yana rage arsenik ɗin sosai, duk da dai a tuwo wannan ba ta yiwuwa. A riƙa sirkawa da kunun gero da acca.

Wata uwa daga Gwale, Kano