Wasiƙa zuwa ga Sabi'u: injin ya tashi

Ƙofar Ruwa, Kano
Daren Juma'a

Sabi'u mutumina,

Assalamu alaikum. Na san ka yi fushi, kuma kana da gaskiya. Saƙonka na barka da Sallah yana nan a waya, na karanta shi tun ranar, na ce bari in wanke hannu in amsa, to ga shi hannun bai wanku ba sai yau. Ya Legas, ya Hajara da yara? Ina fata ƙafar Abba ta warke. Wai har yanzu kana Apapa, ko sun tura ka Fatakwal ɗin da kake gudu? Ka gaya min, tambayar tana da dalili.

Amma bari in fara sauke abin da ke cina. Jiya Alhamis, bayan la'asar, injin ya tashi.

Af, ai ba ka ma san wane inji ba. Ka tuna Alhajin nan na Kwari mai atamfa, wanda ya taɓa kawo mana Marsandi kaza ta yi ƙwai a but? Shi ne ya je Legas sarin kaya ya dawo da jirgin ruwa. Ba kwalekwale ba fa, jirgi irin na Turawa mai doguwar sanda a tsakiya, wadda ake ɗaura wa tanti iska ta tura shi. Wani Bature ne ya gama aiki ya koma ƙasarsu, ya bar shi a bakin ruwa shekara da shekaru, aka sayar wa Alhaji da arha. Tirela ce ta kawo shi Sharaɗa, sandar a kwance a bayansa, yaran unguwa na biye suna ihun ga jirgin Annabi Nuhu. Wai Tiga zai kai shi. Na ce Alhaji, mu da ko Jakara ba mu tsallakawa sai da gada? Ya ce ni dai in duba masa injin.

Ni ban ma san irin jirgin nan yana da inji ba. Ashe akwai, ɗan ƙarami, an cusa shi ƙarƙashin matakala, don in iska ta ɗauke ko za a shiga matsaya. Yanmar 2GM20 ne, ɗan Japan, silinda biyu, ƙarfin doki 18. Yarana sun kasa faɗin sunan, sai suka sa masa Yamma. Na ce musu daga gabas ya zo, suka ce ba ruwansu. Da sarƙa muka zaro shi, mu uku, Ɗanliti ya kusa barin yatsa a wurin.

Abin kunyar da ba zan gaya wa kowa ba sai kai: na fi minti goma ina zagaya shi ina neman lagireto. Shekara ashirin da huɗu ina ɓarke inji, daga Lista na masu niƙa har na tifa, ina tsaye gaban yara ina lalube. Ashe babu. Shi ruwan tekun yake sha kai tsaye. Akwai rami a cikin jirgin, wani ɗan famfo mai fukafukan roba yana zuƙo ruwan, ya zagaya jikin injin ya kwashe zafi, sannan ya haɗu da hayaƙi a wata gwiwar ƙarfe, su fita tare ta baya. To gwiwar nan ita ta kashe shi. Tsatsa ta huda ta daga ciki, ruwan gishiri ya koma baya ta bawul, ya zauna a kan fistin ɗaya ya yi ta kwana. Da na cire top silinda sai na tarar da abu kamar an dama jar ƙasa an zuba. Na sa sifana a karanshaf, na hau da duk nauyina, kuma ka san yanzu nauyin ba na wasa ba ne. Ko gezau.

Mudi ya leƙo ya ce in sayar wa 'yan gwangwan a kilo in huta. Mudi fa! Wanda ya shekara bai iya gano abin da ke cin batirin adaidaitarsa ba.

Na cika silindar da gas da kananzir na rufe da tsumma. Kullum in na dawo daga asuba sai in biya gareji kafin kowa, in ƙara, in ɗan ƙwanƙwasa. Ƙarfe ba ya dukan fistin, sai itace, kuma itace mai tauri daidai faɗin silinda ba a Ƙofar Ruwa yake ba, a madafin Maman Ummi yake. E, taɓaryarta na yanke. Na ɗauka tsohuwar ce wadda ba a amfani da ita, ashe ita ce ta gadon kakarta. Kwana uku miya ba gishiri, da na yi magana ta ce in je in ɗebo a injina tun da can ya yi yawa. Kada ka gaya wa Hajara, don na san kafin Lahadi sun haɗa kai a waya.

Ranar kwana na goma sha tara na ɗora guntun taɓaryar, na saki guduma a hankali, sai na ji sautin ya canza. Ka san yadda ƙarar take in abu ya kafe, ƙam, kamar ka daki dutse. Wannan karon sai ta yi taushi. Na haska da fitilar waya, sai ga wani siririn layi mai sheƙi a jikin silindar, bai fi kaurin farce ba. Fistin ya sauka. Na zauna a kan taya ni kaɗai, gari bai gama wayewa ba, Malam Iro yana hura wutar shayi a tsallake, ina ta murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da ɗa namiji.

Sauran aikin ka san shi. Na kai aka goge silinda, Allah ya taimaka cin tsatsar bai yi zurfi ba. Wani ya sayar min da ringin janareto ya rantse duk ɗaya ne, da na gwada sai ga rata kamar giɓin Bala, har yau yana min yawo da hankali kan kuɗina. Na gaskiyar sai da aka yi odarsu, sati biyar. Nozul ɗaya fitsari yake maimakon feshi, tsohon nan mai gwada su da famfon hannu ya gyara. Bawul na sa su a milimita 0.2. Abin da ya ci min rai shi ne hanyoyin ruwa: gishiri ya daskare a ciki fari fat kamar kanwa, da waya na riƙa saƙatowa. A nan na ci karo da wata dabara da ta burge ni. Suna ɗaura wani guntun tutiya a cikin hanyar ruwan, don gishiri ya ci shi ya ƙyale jikin injin, in ya ƙare a sa wani. Ragon fansa ke nan. Na wannan ya cinye tas, sai notin, kuma ba wanda ya canza.

To jiya. Batir ya yi sanyi, na ce da hannu za mu tayar, don yana da wurin sa hannun juyawa, da 'yan maɓallai biyu a sama da ke sakin matsi. Na sa mai garuwa ya cika min duro, na jefa tiyo a ciki, na fitar da iska daga layin gas har kumfa ta daina. Ɗanliti ya ɗaga maɓallan, na yi bisimilla na fara juyawa, na juya har na ji ƙirjina zai tsage, na ce saki! Ya yi tari, ya mutu. Sau huɗu. A na biyar ya tofar da farin hayaƙi, sai baƙi, sai tuf, tuf, tuf, ya kama. Sabi'u, benci har rawa yake. Yara na ta kabbara, ni kuwa idona na kan salansa, don in ruwa bai fito ba injin yana dafa kansa ne. Na ƙirga a zuci har wajen ashirin, hannuna na kan makashi, sai ga shi ya feso, ja da farko, sannan garau.

Malam Iro ya yar da ludayi ya tsallako titi da gudu: "Oga, kashe! Ya fashe, ruwa na fita ta salansa!" Na ce Malam Iro, yau in ruwa bai fita ba ne za ka yi min jaje. Har yanzu bai yarda ba, yana ganin na rufe kunya ne.

Murnar dai ba ta cika ba. Bayan kamar minti goma ruwan ya fara raguwa, na kashe. Na buɗe ɗan famfon, robar nan da na lallaɓa da sabulu na mayar, don ban samu sabuwa ba, fukafukai biyu sun karye. Na tsinci ɗaya a bakin tiyo. Ɗayan yana can wani wuri a cikin injin da na kwana goma ina wankewa. Laifina ne, na san ta bushe, zumuɗi ya ja ni. Don Allah ka zagaya wurin masu kayan jiragen ruwa a wajenku ka samo min biyu, da tutiyar, zan turo maka hoto da awon. Kada ka ba direban da ka ba kilishin bara.

Kuma ba wannan ne ke hana ni barci ba. Alhaji ya zo da magariba, ya ji labari, har ya fara lissafin wa da wa za su hau ranar yawon Sallah: amarya, uwargida, yara bakwai. Gabana ya faɗi. Ka tuna Bagwai, ƙarshen Nuwamban 2021, jirgin da ya taso daga Badau ya kife a dam ɗin Watari, mutum fiye da ashirin suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Ni na je ta'aziyya gidan surukan Mudi a lokacin, ban manta takalman yaran ba. Na ce masa Alhaji, ba rigar ruwa ga kowane kai, ba makulli. Ya yi dariya ya ce na zama ɗan sanda. Daga ni har shi ba wanda ya iya iyo, ba wanda ya san yadda ake ɗaga tantin nan. Ga wani ƙaton ƙarfe a ƙarƙashin jirgin, ya fi mita a tsaye, shi ke hana shi kifewa, kuma Tiga da rani ja da baya take yi in an saki ruwa wa manoman Kadawa da Kura. Tun da Audu Bako ya gina ta, aka gama a 1974, ban jin ta taɓa ɗaukar irin wannan baƙo. Kai da kake ganin masu wannan harka kullum, ba za a samu wani da zai zo ko na sati ɗaya ya koya mana ba? Alhaji zai biya, in dai an kama shi a gaban mutane.

Bala ya ƙara aure, ka ji? 'Yar Zariya, don haka yanzu sai ku haɗu ku biyu ku riƙa kare surukanku. Ya sa haƙorin Makka a giɓin saboda biki, bai je Makka ba. Mudi ya sayar da adaidaitar, wanda ya saya ya gano matsalar a kwana ɗaya, waya ce ta goge a ƙarƙashin kujera. Inna tana gaishe ka, ta ce ka yi ƙiba a hoto, na ce mata wayar ce.

An ɗauke wuta, kuma gobe da sassafe zan sake kwance hanyar ruwan in nemo guntun robar nan. Ka gaida Hajara, ka shafa min kan Abba. In za ka sayi taɓarya mai kyau a can ma ina so.

Naka,
Habu