Daga gefen gadon Auta

Mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya Kumasi? Na san ka cika ka batse da shirun nan. Sassauta, yau kwana goma sha biyu ke nan ina jinyar Auta.

Tifa ce ta bi ta kan cinyarsa da ya faɗi daga babur. Aka yi hoto, ƙashi lafiya lau, fatar ma ɗan kurjewa ne kawai. Muka yi ta hamdala, Inna har da sadakar ƙosai, ta shiga gasa masa da ruwan zafi safe da yamma.

Ana kwana huɗu cinyar ta haye. In ka danna sai ta yi lumbu-lumbu kamar salka, wurin ya fara baƙi, ko ka mintsine shi ba ya ji. Da muka koma, likita ya zana min a bayan kati. Ya ce tayar murzawa ta yi, ta ɗaye fata da kitse daga jikin nama kamar fiɗar ragon layya, sai dai ba yanka a waje. Ashe wasu siraran jijiyoyi ne ke hudowa daga nama suna shayar da fata, su ne suka tsittsinke. Jini da ruwa da narkakken kitse suka taru a ƙarƙashi, ita kuwa fatar tana mutuwa a hankali muna kallo muna cewa sauƙi ya samu. Wai wani likitan Faransa ya bayyana irin wannan rauni tun 1863. Ka ji, mu sai bana.

Kai da ka sume ranar kaciyar ɗanka, da ka ga wankin ciwon nan da sai an ba ka gado.

Maƙwabcin gadonmu kuwa zobe ne ya maƙale masa a ƙofar mota yana dirowa, ya zare fatar yatsan kamar safa. Don Allah ka riƙa cire azurfar nan taka in za ka taɓa inji.

Af, mai shayinmu ya ƙara ta uku, bashinka dai bai manta ba.

An zuƙe ruwan, an yanke matacciyar fata. Ran Litinin za a yanko daga ɗayar cinyar a dasa. Ko za ta kama, shi ne abin da ke hana ni barci. Shi ko gogan tambayarsa ɗaya, ina babur ɗinsa.

Akwai abin da na ɗauki biro don in tambaye ka, wallahi ya shige min. Ka sa mu a addu'a, ka gaida uwargida.

Naka har kullum.