Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Babbar Jojin Najeriya: A Bar Jama'a Su Ga Zaman Ƙararrakin Zaɓe

Zuwa ga Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun,

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, roƙo ɗaya ne ya sa na rubuto miki: a samar da ƙa'idar da za ta ba da damar watsa zaman sauraron ƙararrakin zaɓe kai tsaye.

A ranar 22 ga Mayu, 2023, kotun sauraron ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa, ƙarƙashin Mai Shari'a Haruna Tsammani, ta ƙi amincewa da buƙatar Atiku Abubakar da Peter Obi ta a nuna zamanta a talabijin, bisa hujjar cewa babu tsarin da ya tanadi hakan. Amma da ranar hukunci ta zo, 6 ga Satumba, an buɗe wa kyamarori ƙofa, muka wuni gaban akwatin talabijin ana karanto mana sakamakon shari'ar da ba mu ga shaidunta ba, ba mu ji tambayoyin ƙwaƙwa da aka yi musu ba. Abin da muka riƙa gani a watannin da suka gabaci hukuncin shi ne lauyoyin ɓangarorin biyu, kowanne da baƙar rigarsa a harabar kotu, yana shaida wa 'yan jarida cewa yau shi ya yi rinjaye. Wanda bai ga zaman da idonsa ba, ina zai iya tantance mai gaskiya a cikinsu?

Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a yi shari'a a bainar jama'a, alhali zauren kotu mutum ƙalilan yake ɗauka, masu ƙuri'a kuwa miliyoyi ne. Ghana ta watsa shari'ar zaɓenta a 2013, kuma da Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da nasarar Shugaba John Mahama, abokin takararsa Nana Akufo-Addo, wanda ya shigar da ƙarar, ya karɓi hukuncin duk da ya ce bai gamsu da shi ba.

Na san ana fargabar lauyoyi su mai da kotu dandalin yaƙin neman zaɓe, kuma fargabar tana da tushe, sai dai alƙali yana da ikon tsawatar wa duk wanda ya wuce gona da iri, shaidan da ke tsoron a san fuskarsa kuma ana iya sakaya shi. Tun da rashin ƙa'ida aka kafa hujja da shi a 2023, ina roƙon ki sa a rubuta ta tun kafin ƙorafe-ƙorafen zaɓe mai zuwa su iso gaban kotu.

Naki cikin ladabi,
Wani mai kaɗa ƙuri'a