Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya kan wanda zai riƙe jadawalin gyara

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan hukumarka ta NNRA. Na zaɓi in yi maka wannan magana a bainar jama'a ne, domin abin da zan faɗa ya shafi kowa, kuma ya kamata talaka ya ji shi da harshen da yake fahimta.

An daɗe ana cewa Nijeriya za ta samu lantarki daga nukiliya. An ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom, an kuma sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017. Duk lokacin da zancen ya taso, abu biyu ake tambaya: nawa za a kashe, kuma yaushe za a kunna. Ni damuwata tana kan abin da zai biyo bayan kunnawa. Irin tashoshin da ake ginawa yanzu an tsara su ne su yi shekara 60 suna aiki, kuma a tsawon wannan lokaci ba sa rabuwa da manyan ayyuka: sauya na'urori masu nauyin ɗaruruwan tan, duba walda, sabunta wayoyi da kayan sarrafawa, ƙara katangar kariya idan an gano wani haɗari da ba a sani ba a da. Wa zai ce wannan aikin a fara da shi, wancan ya jira? In ranar da aka tsayar ta zo ba a gama ba, wa ke da ikon cewa a kashe tashar, kuma a kashe ɗin?

Abin da ya sa jadawali yake da nauyi haka shi ne, yawancin waɗannan ayyuka ba sa yiwuwa sai tukunyar nukiliya, wato inda makamashin ke samar da zafin da ake mayarwa lantarki, tana kashe. Ana kashe ta ne duk bayan shekara ɗaya zuwa biyu domin sauya makamashi, na tsawon 'yan makonni. A cikin wannan ɗan lokaci ake cusa dubban ayyuka, kuma kowace rana da aka ƙara asara ce mai yawa ga kamfani. Aikin da bai samu shiga ba sai wani zagayen, wato bayan shekara ɗaya ko fiye. Saboda haka idan injiniya ya rubuta "a ɗage" a gefen takarda, ya yanke hukunci ne kan lafiyar jama'a, ko da shi kansa yana ganin lissafin kwanaki kawai yake yi.

Tashar Davis-Besse da ke bakin tafkin Erie a jihar Ohio ta Amurka ita ce ta fi nuna wannan a fili. A 2001 an gano tsagewa a bututun da ke ratsa murfin tukunya a wata tasha mai irin ƙirarta, wato Oconee. Hukumar NRC mai sa ido kan nukiliya a Amurka ta nemi tashoshin da suka fi fuskantar wannan matsala su duba nasu kafin ƙarshen Disamba na shekarar. Kamfanin FirstEnergy, mai tashar Davis-Besse, ya nemi a ƙyale shi ya ci gaba da aiki har lokacin da ya tsara sauya makamashi. Ma'aikatan hukumar sun riga sun rubuta umarnin rufewa, amma ba a fitar da shi ba, aka daidaita a kan 16 ga Fabrairu 2002. Da aka kashe tashar aka duba a watan Maris, sai aka tarar ruwa mai sinadarin borik ya daɗe yana tsiyaya, ya cinye ƙarfen murfin mai kaurin kusan santimita 15, ya huda rami. Abin da ya rage tsakanin ruwan tukunya mai tsananin matsi da waje shi ne wani siririn shafe na ƙarfe marar tsatsa da bai kai santimita ɗaya cikakke ba, shi ma ya fara kumbura.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a labarin nan ya faru ne tun kafin a fara ja-in-ja kan ranar rufewa. Tun farkon shekarun 1990 aka kawo shawarar a buɗe ƙofofi a jikin rumfar da ke kan murfin, domin a riƙa ganin samansa da kyau a kuma wanke shi. Aikin ba wani babba ba ne. Zagaye bayan zagaye aka yi ta tura shi gaba, saboda a kowane karo akwai wani abin da ake ganin ya fi shi gaggawa. A 1999 matatan iska na cikin ginin suka fara toshewa da wani abu mai launin tsatsa, sai aka ƙara yawan sauya matatan, ba a bi sawun inda tsatsar ke fitowa ba. Ba a taɓa zama a wani taro guda aka ce a yi wasa da rayuka ba. An dai yi ta ɗagewa, kowace ɗagewa da hujjarta mai kama da hankali, kamar direban haya da kullum yake cewa bari a yi lodin ranar kasuwar nan tukuna kafin a kai birki wurin makaniki. Daga baya mai binciken cikin gida na NRC ya ce hukumar ta ba wa asarar da kamfani zai yi nauyi fiye da kima lokacin da ta amince da ƙarin wa'adin. Tashar ta yi shekara biyu a rufe, sai Maris 2004 ta dawo. An ci kamfanin tarar dala miliyan 5.45, sannan ya biya wasu dala miliyan 28 a sulhu da ma'aikatar shari'a.

A Japan kuwa ba a yi wannan sa'ar ba. A 2008 lissafin cikin gida na kamfanin TEPCO ya nuna igiyar tsunami za ta iya kai mita 15.7 a tasharsa ta Fukushima Daiichi, alhali shirin da aka yi wa tashar bai wuce na mita 5.7 ba. Aka tura batun a ƙara nazari. Ranar 11 ga Maris 2011 ruwan ya zo. Hukumar da ke sa ido a lokacin tana ƙarƙashin ma'aikatar da aikinta shi ne bunƙasa nukiliya. Bayan bala'in aka rushe ta, aka kafa sabuwa mai zaman kanta a 2012. Wannan sabuwar ta sa wa kamfanoni wa'adin gina wuraren sarrafa tukunya na ko-ta-kwana saboda harin ta'addanci. A Afrilu 2019 kamfanonin suka zo suka ce ba za su gama a kan lokaci ba, a ƙara musu. Ta ƙi. A Maris 2020 aka kashe tukunya ta ɗaya a tashar Sendai, lafiyarta lau, saboda kawai wa'adi ya cika ba a gama ginin ba, ta biyun ta biyo baya a watan Mayu. Kafin ƙarshen shekarar an gama aikin, duka biyun sun dawo. Irin wannan hukumar nake fata ka bar wa Nijeriya.

Ba sai mun je nesa ba ma. Koeberg, kusa da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, ita kaɗai ce tashar lantarki ta nukiliya da ke aiki a Afirka. Tukwane biyu ne, kowace tana ba da sama da megawat 900, sun fara aiki a 1984 da 1985. Domin a ƙara mata shekara 20 a kan 40 ɗin farko, dole a sauya na'urorin samar da tururi guda shida, uku a kowace tukunya. An ba da kwangilar a 2014, kamfanin da bai samu ba ya tafi kotu, shari'ar ba ta ƙare ba sai ƙarshen 2016. A Janairu 2022 aka kashe tukunya ta biyu domin aikin, sai a watan Maris kamfanin Eskom, mai tashar, ya sanar cewa ya fasa sauya na'urorin a wannan zagayen, saboda wurin da za a ajiye tsofaffin, waɗanda ke ɗauke da tiririn nukiliya, bai kammala ba, ga kuma lokacin sanyi yana tafe da buƙatar wuta. Dubi yadda ginin ajiya, wanda kowa zai ɗauka aiki ne na gefe, ya tsayar da aikin biliyoyi. Tukunya ta ɗaya da aka kashe a Disamba 2022 da niyyar wata shida, sai Nuwamba 2023 ta dawo, kuma 2023 ita ce shekarar da Afirka ta Kudu ta fi shan ɗauke wuta a tarihinta. A can kowane mataki na rabon wuta kusan megawat 1,000 ne, ka ga tukunya ɗaya ta Koeberg kusan mataki guda ce cur. Ranar ƙarewar lasisin tukunya ta ɗaya ita ce 21 ga Yuli 2024, hukumar NNR mai sa ido a can kuma ta sanar da amincewa da ƙarin shekara 20 saura ƙasa da mako guda. Ban ce hukuncinta kuskure ba ne. Amma hukumar da aka kai ta bakin ranar ƙarshe, a ƙasar da ta gaji da duhu, an riga an rage mata damar cewa a'a, kuma jinkirin shekarun baya ne ya kai ta can.

Ranka ya daɗe, namu matsin zai fi na Afirka ta Kudu tsanani. Wutar da babban layin ƙasa ke rabawa yawanci tana tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Tukunya ɗaya mai megawat 1,200, irin waɗanda ake ginawa a El Dabaa ta Masar, za ta zama kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar ƙasar nan, alhali masana na ba da shawarar kada na'ura guda ta wuce kashi ɗaya cikin goma. Ranar da sufetonka ya ce a kashe ta a duba wata walda, masana'antu daga Legas zuwa Kano za su ji a jikinsu. Za a kira ka daga sama. Za a ce zaɓe ya kusa, za a ce azumi ne ga zafi, za a ce a bari bayan bikin ƙaddamar da wani abu. Kuma mun san halinmu da gyara. Matatun mai na Kaduna da Warri da Fatakwal shaida ne kan abin da ke faruwa idan aka yi ta ɗage gyaran garambawul. Matata in ta lalace sai ta tsaya a yi asarar kuɗi. Tukunyar nukiliya in ta lalace, sai an kwashe garuruwa.

Na san hukumarka ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Dokar 1995 ce ta kafa ta, ta fara aiki a 2001, kuma ita ke sa ido kan ƙaramar tukunyar bincike da ke Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun da aka kunna ta a 2004. A 2018 an sauya mata makamashi daga yuraniyom mai ƙarfi zuwa mai rauni, aka mayar da tsohon ƙasar Sin lami lafiya. Aiki ne da ya cancanci yabo. Sai dai tukunyar Zariya kimanin kilowat 30 ce, babu gidan da fitilarsa ta dogara da ita, don haka babu wanda zai matsa a bar ta a kunne. Jarrabawar da nake magana a kai ba ta zo ba tukuna.

Abin da nake roƙo shi ne a rubuta ƙa'idar tun yanzu da babu tasha, babu kuɗin da ke ƙonewa, babu mai matsa maka. Jadawalin manyan ayyuka ya zama cikin sharuɗɗan lasisi, ta yadda ranar da ta shafi kariyar jama'a ba za ta motsa ba sai da rubutacciyar amincewar hukuma. In ranar ta cika ba a gama ba, tashar ta tsaya ba tare da an koma teburin ciniki ba. Wanda ke neman ɗagewa shi zai kawo hujjar cewa babu haɗari, kada a juya a ce sai sufeto ya tabbatar akwai haɗari kafin a saurare shi.

Ba ina cewa hukuma ta jibga wa kamfani umarni ɗari ta ce duka yau take so ba. Amurka ta gwada haka bayan haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island na 1979, sabbin sharuɗɗa suka yi yawa har ƙanana suka riƙa cin lokacin manya. Shi ya sa a 1983 aka fara wani tsari da tashar Duane Arnold ta jihar Iowa, inda ake haɗa ayyukan da hukuma ta wajabta da waɗanda kamfani ke so a takarda guda, a jera su, a riƙa sabuntawa. Wannan tunani mai kyau ne, in dai ma'aunin jerawar shi ne girman haɗarin da aikin zai rage. Amma a ƙara masa abin da Davis-Besse ta koyar: a riƙa ƙirga ɗagewa. Duk aikin da aka tura gaba sau biyu, komai ƙanƙantarsa, ya hau teburinka da sunan wanda ya sa hannu. A kuma riƙa wallafa jerin abin da aka ɗage da dalilinsa, har da harsunan mutanen da ke zaune kusa da tashar, domin su ne za su fara shaƙar sakamakon.

Sauran kuma ya fi ƙarfin ofishinka kai kaɗai, amma kai ne ya kamata ka faɗa wa Majalisa da fadar Shugaban Ƙasa tun da wuri. Yarjejeniyar kiyaye haɗarin nukiliya ta duniya, wadda Nijeriya ke cikinta, ta nemi a raba mai sa ido da masu tallata nukiliya rabuwa ta gaskiya. Hakan ba zai tabbata ba idan kuɗin hukumarka yana jiran sakin kasafi da ke zuwa rabi-rabi, ko ƙwararrun da ka horar suna barinka saboda albashi. Kuma kada ka sa hannu kan lasisin gini sai an nuna maka a rubuce inda za a samo wutar da za ta maye gurbin tashar a duk makonnin da take kashe, da asusun gyara da babu mai iya taɓa shi don biyan wani bashi.

Ina roƙon ka fitar da daftarin wannan ƙa'ida jama'a su gani su tofa albarkacin bakinsu, injiniyoyin jami'o'inmu da mutanen Kogi da Akwa Ibom a gaba, kafin a zuba kankaren farko a ko'ina.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ƙarfin zuciya.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Zariya