A sake duba yadda muke baiko a majami'unmu

Edita, barka da aiki. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista na nan Katsina kan yadda muka ɗauki dukiya da baiko, wato kyautar da muke bayarwa a majami'a.

Ranar godiyar kaka sai ka ga mutum ya kawo buhun masara ana kiran sunanshi a lasifika ana tafi, alhali gwauruwar da ke zaune a bencin baya an koro mata yara daga makaranta saboda kuɗin zango, kuma kowa ya sani amma babu mai tankawa. Abin nan yana ci min rai gaskiya.

A cikin Littafi Mai Tsarki, a Ayyukan Manzanni sura 4 masu bi na farko a Urushalima babu mai cewa kayanshi nashi ne shi kaɗai, Barnaba ma gona ya sayar ya kawo kuɗin gaban manzanni aka raba wa mabuƙata. Kuma ba dole aka yi musu ba fa, a sura 5 Bitrus ya faɗa wa Hananiya, wanda ya sayar da gona ya ɓoye wani kaso na kuɗin ya kawo sauran kamar duka ke nan, cewa gonar tashi ce, kuɗin ma a hannunshi suke, ƙarya da neman suna ne suka kashe shi. Yesu kuwa a Markus 12 gwauruwa mai anini biyu ya yaba, ba attajirai ba.

Roƙona ga fastoci da dattawan ikilisiya, a ware wani kaso na baiko duk wata don gwauraye da marayu da waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari da Jibiya, Kirista ne ko Musulmi, a kai musu gida ba tare da sanarwa ba.

Naku,
Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina